Kujerar Hagu ta Kyaftin Adusei

Shekara ashirin da shida na yi ina tokare tayoyin jiragen sama da katako a filin jirgi na Tamale, kuma a cikin duk matuƙan da na tarba babu wanda ya kai Kwaku Adusei iya sauka. Mutumin Kumasi ne, gajere, mai furfura a gira. Idan ya ajiye ƙaramin jirginsa mai farfela biyu, matan da suka ɗauko ƙwai daga Accra sukan sauko da shi babu ko ɗaya da ya tsage.

Sunan babban kamfani ne a jikin jirgin, launinsa ne a rigar Kyaftin, amma shi ba ma'aikacinsu ba ne. Babban kamfani ya riƙe manyan jirage masu ƙetare teku, ya ba wani ƙaramin kamfani kwangilar jigilar cikin gida, kuma a wannan ƙaramin ne Kyaftin ya yi shekara goma sha tara. Fasinja bai san wannan ba, ba a kuma so ya sani.

Akwai ka'ida ɗaya da ke mulkin rayuwar matuƙa. Kowane kamfani yana da jerin sunaye, lambarka kuwa tana bin ranar da ka shiga wannan kamfanin, ba ranar da ka fara tuƙi ba. Lambar ce ke zaunar da mutum a kujerar hagu, ta shugaban jirgi, ko ta bar shi a ta dama, ta mataimaki. Wanda ya sauya kamfani, ko ya tsufa a sama, sai ya koma ƙarshen layi. Kyaftin shi ne na uku a jerinsu. Saboda haka da babban kamfani ya neme shi shekarun baya, ya ƙi.

"Mba Wumbei," ya ce da ni a lokacin, muna cin waakye, wato shinkafa da wake, a inuwar fiffike, "in bar kujerata in je in riƙa cewa 'to, ranka ya daɗe' ga yaron da bai san inda garin Wa yake ba? Su riƙe tekunsu."

Yana da shekara sittin da ɗaya sai wani sabon kamfani ya shigo ya karya kuɗin tikiti. Babban kamfani ya tsorata, ya ƙwace kwangilar ya miƙa wa wasu da suka ce za su yi aikin da araha. Ƙaramin kamfanin ya rufe cikin wata guda. Sababbin masu kwangila suka yi hayar jiragen nan dai, da fentin nan dai, suka kira tsofaffin matuƙa su cike takardar neman aiki kamar baƙi. Aka ba Kyaftin lamba arba'in da huɗu.

Ranar da ya dawo Tamale, igiya uku ce a kafaɗarsa maimakon huɗu. Shi ya sauko cikin rana yana zagaya jirgi yana duba tayoyi, aikin da ake bar wa mataimaki. A kujerar hagu kuwa Selasi Kpodo ce, wadda ya koya wa sauka a wannan fili da hannunsa. Ta riga shi shiga kamfanin masu kwangilar da shekara biyar, shi ke nan abin da ta fi shi.

"Sun aske maka igiya ɗaya, Kyaftin," na ce masa.

"Kafaɗa ta huta. Kai ma gashin kanka an aske, ban ji ka kai ƙara ba."

Ya yi dariya, amma ya riga ya yi lissafinsa. Doka ba ta barin matuƙin fasinja ya wuce sittin da biyar. Shekara huɗu suka rage masa, kuma abin da yake so shi ne ya ajiye aiki daga kujerar hagu. Duk wanda ya yi masa jaje sai ya ce, "Jeri ya sauke ni, jeri zai mayar da ni." Bai taɓa makara ba, bai taɓa gyara wa Selasi magana a gaban ma'aikata ba. Masu lamba a gabansa suka yi ta tafiya ƙasashen Larabawa, layi yana matsowa.

Saura wata bakwai ya cika sittin da biyar, layi ya iso kansa. Aka liƙa takardar waɗanda za a horar su koma hagu. Na tsaya na karanta ta da kaina, sau biyu, layi bayan layi. Daga wanda ke gabansa sai aka tsallaka zuwa wanda ke bayansa. Manajan kamfanin ya ce horon yana da tsada, ba za su kashe shi a kan mutumin da zai tafi kafin damina ba.

Wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Da za su ƙasƙantar da shi, sun ce jeri ba ya taɓuwa, ko shekara goma sha tara ba ta motsa shi. Da jerin ya zo ba shi haƙƙinsa, alƙalami ɗaya ya isa ya tsallake shi. Mutanen da suka yi haka ba su taɓa sauke jirgi cikin hadarin watan Agusta ba.

Ranar tashinsa na ƙarshe, kafin fasinja su hau, Selasi ta same shi a gindin matakala, ina tsaye kusa.

"Wofa," ta ce, kamar yadda ake kiran kawu a garin Kyaftin, "ƙofar ɗakin tuƙi a rufe take, babu mai gani. Ka zauna a hagu daga nan zuwa Accra. Ni zan sa hannu a takarda."

"Ke, wa ya koya miki ƙarya a takardar jirgi? Ba ni ba dai."

"Awa ɗaya ce kawai."

"Selasi, kujerar sata za ki ba ni? Idan taya ta fashe, lasisinki za su karɓe, su kuma ce tsohon ne ya roƙa. Hau ki zauna wurinki."

Ta tsaya kamar za ta ƙara magana, ya ɗaga mata gira, ta hau. Ya ƙarasa zagayensa, ya miƙo mini hannu muka yi sallama, sannan ya shiga ya zauna a dama. Na janye katakona daga ƙarƙashin taya, na ba su hannu suka tafi.