Kifin Shozo Mai Wasiƙa

A garin Muroto babu wanda bai san ƙarar babur ɗin Kuwabara Shozo ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana raba wasiƙu, bai taɓa kashe inji a ƙofar gidan kowa ba. Kafin mai gida ya zura takalmi ya fito godiya, sai dai ya hangi hayaƙi a kwana. Taliya ma a tsaye yake cin ta. Matarsa Harue takan ce ranar bikinsu shi ya riga baƙi komawa gida.

Da ya yi ritaya sai ya shiga kamun kifi, kuma duk cikin hanyoyin kamun ya zaɓi wadda ba ta jituwa da gaggawa. Ana sakin wani ƙarfe mai faɗi kamar ganye, da ƙugiya sama da ƙasa, ya nutse fiye da mita ɗari. Sai a ɗaga sanda a hankali, a naɗe zare rabin juyi, a bar ƙarfen ya koma ƙasa yana lilo kamar ƙaramin kifin da rai ya kusa fita. A wannan faɗuwar babban kifi yake cafka. Ƙarfen Shozo kuwa ratsa ruwa yake yi kamar an biyo shi da sanda.

"Yaya, sannu-sannu!" in ji Motoharu, ƙanin matarsa, wanda shi ne mai jirgin ruwan da suke fita teku da shi. "Kifin da ke mutuwa aka ce ka kwaikwaya. Naka kamar ya makara zuwa ofis."

"Kai dai riƙe sitiyarinka. Ina tuƙi tun kana fitsarin kwance."

Sandar da Shozo ke kamu da ita ta ɗansa Naoto ce, wanda ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya. A rumfar Motoharu, inda ake shan shayi in an dawo daga teku, akwai bangon da ake liƙa kifin tawada. Duk wanda ya kama mai kilo goma zuwa sama, sai a shafa wa kifin baƙar tawada, a danna takarda a kansa, a rubuta nauyi da rana da sunan mai kamu da na shaida. Na Naoto yana dab da taga. A gefensa akwai fili da Motoharu bai taɓa liƙa komai ba, kuma ba wanda ya taɓa yin zancen filin. Shekara shida Shozo yana kallonsa ta saman kofin shayi.

Bana likita ya duba kafaɗarsa ya girgiza kai. Harue ta yanke hukunci: fita ɗaya ta rage masa, daga nan sai shukar albasa a bayan gida.

Ranar fitar, a ɗaya gefen jirgin akwai Inna Sumie mai awara, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu da kifi biyar a bango. Ita in tana kamu sai ka rantse gyangyaɗi take yi.

Har hantsi ya ɗaga ba labari. Can sai sandar Shozo ta lanƙwashe.

"Ya ci! Motoharu, kawo ƙugiyar ɗauka! Wannan ya kai ɗan maraƙi!"

A bayansa Inna Sumie ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Ni ma wani abu na ja na. Amma ba shi da tarbiyya."

Shozo ya ja, Inna ta zame har ƙirjinta ya daki ƙarfen gefen jirgi. Inna ta ja, hular Shozo ta faɗa ruwa. Motoharu ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya durƙushe yana riƙe ciki.

"Yaya, barka! Ka kama mai kilo arba'in da biyu. Sai dai ban san ko Inna za ta yarda a shafa mata tawada ba."

Zarensu ne ya sarƙe a ƙarƙashin jirgi. Motoharu ya ce Shozo ya saki nasa, kada ya taɓa komai, Inna ta naɗo su duka biyun. Shozo ya tsaya hannu a aljihu, ƙafarsa na buga katako. Inna ta shiga naɗewa irin tata, rabin juyi, hutu, rabin juyi. Ba ta yi goma ba sandarta ta yi ƙasa da ƙarfi, wannan karon ba wasa.

Wani kifin teku da suke kira kue ne ya taso, ƙato, baki kamar bokiti, zare biyu nannaɗe a jikinsa. Dokar jirgi sananniya ce: in zare ya sarƙe, kifi na wanda ƙugiyarsa ke cikin baki ne. Motoharu ya buɗe bakin ya leƙa. Ƙugiyar ƙarfen Shozo ce.

"Ai ke kika..." Shozo ya fara.

"Yau ne ƙarfen nan ya fara samun hutu tun da aka saye shi," in ji Inna. "Ɗauki abinka, Mai Wasiƙa. Ni bangon ya gaji da sunana."

Sikeli ya nuna kilo goma sha huɗu. A rumfa Motoharu ya shimfiɗa kifin a tebur, ya ce sai an goge yauƙin jikinsa da gishiri, an bar shi ya sha iska, sannan tawada kaɗan-kaɗan. "Bari in wanke jirgi in dawo. Yaya, don girman iyayenka, kada ka taɓa."

Rabin awa ya yi. Da ya dawo, ya tarar Shozo ya shafa tawada, ya danna takarda, ya ɓare ta, ya wanke kifin, ya yanka shi kashi tara, yana rubuta sunayen maƙwabta a kan ƙunshi. Takardar na shanye a kan kujera. Tawada ta bi yauƙi ta malale, ba ido, ba wutsiya.

Inna Sumie ta sa tabarau ta duba. "Katifa ce?"

"Juya ta, Inna," in ji Motoharu. "Wataƙila silifas ne."

Ba kifin da za a sake bugawa. Inna ta ɗauki burushi ta rubuta nauyi da rana, ta sa sunanta a gurbin shaida. Motoharu ya hau kujera da ƙusa huɗu a baki, ya liƙa takardar a filin da ke kusa da taga, ya ja da baya ya daidaita gefenta da ta Naoto. Bai yi tsokana ba.

Albasar Harue ba ta yi kyau ba, don Shozo yana yawan tono ta ya ga ko ta yi. Amma kullum da rana yakan je rumfar, ya zauna ya sha shayinsa har ƙasan kofi. In baƙo ya tsaya gaban takardar yana karkata kai, Shozo yakan tashi ya nuna masa inda kan kifin yake.