Jar Motar da Ke Cin Gaskit a Hanyar Argungu

Motoci da yawa sun shiga hannuna a shekarun da na yi ina kanikanci, yawancinsu ko launinsu ba na iya tunawa. Amma akwai wata jar mota mai ƙofa biyu da ba zan manta da ita ba har ƙasa ta rufe idona.

Lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni kuma ina da ɗan gareji a Badariya. Motar irin ta tsere ce, gajera har cikinta na neman taɓa ƙasa, kuma babu irinta a garin. Mai ita wata ungozoma ce 'yar Filato, kowa Sista yake ce mata. Mijinta ne ya sayo motar, ya rasu ya bar mata. Duk mako takan je Argungu duba masu juna biyu a wani ƙaramin asibiti, ta dawo da yamma.

Ran da aka fara kawo min ita, wata akori-kura ce ta jawo ta da igiya. Na zaro sandar awon baƙin mai, sai na ga man ya koma kamar shayi mai madara. Na buɗe lagireto, ga maiƙo yana yawo a kan ruwan. Ko sabon shiga ya san wannan, gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar nan da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, wadda ke hana ruwa da mai su gauraya. Na sauke kan injin, na sa sabo, na wanke lagireto, mota ta tashi lafiya lau.

Ba a jima ba aka sake jawo ta. Wannan karon na ce to kan injin ne ya kantare. Na ɗauke shi da kaina zuwa Sakkwato, aka kankare shi ya daidaita, aka gwada ko ya tsage, aka ce ƙalau yake. Na canza ƙusoshin ɗauri, na duba fanka da famfon ruwa. Na bar injin yana aiki a gareji tun hantsi har azahar, allurar zafi ko motsi ba ta yi ba.

Sai ga ta karo na uku.

Daga nan magana ta fara yawo. A teburin mai shayi wasu suka ce hannuna ne ba kyau, wasu suka ce ai marigayin ne bai yarda wani ya hau motarsa ba. Dangin mijin kuma suka aiko mata cewa ta sayar da ita tun tana da daraja. Ni kuwa abin da ya cika min ciki tambaya ce: me ya sa mota za ta yi lafiya a gabana, ta je ta mutu a hanyar Argungu?

Ina cikin ɗaura gaskit na uku Sista ta zo, ta zauna a kan benci tana kallo.

Na ce, "Sista, wallahi motar nan ta ɗaure min kai. Duk abin da na sani na duba."

Ta ce, "Malam, mu a wurin aikinmu, in mace ta dawo sau uku da ciwo ɗaya, ba ma ƙara mata ƙwaya kawai. Gidanta muke bin ta mu ga ruwan da take sha da inda take kwana. Ka taɓa ganin motar nan tana gudu?"

 Gaskiya ban taɓa wuce kasuwa da ita ba.

Ranar zuwanta Argungu na shiga gefenta da akwatin kayan aikina a kan cinya. Cikin gari tafiya take yi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Muna wuce Zauro, hanya ta miƙe, sai baiwar Allah ta taka totur. Gonakin shinkafa suka riƙa wucewa fuu, na riƙe hulata da hannu ɗaya. Ashe haka take tuƙi! Na zuba wa allura ido, sai ga ta tana hawa sannu a hankali.

Na ce, "Kin ga wannan?"

Ta ce, "Kullum haka take yi. Amma da na rage gudu sai ta sauka, shi ya sa na ɗauka haka halinta yake."

Ta ɗaga ƙafa, allura kuwa ta sauko. Abin ya ƙara ba ni mamaki, don a sanina gudu iska yake kawo wa lagireto, mota a cunkoso ta fi yin zafi. Wannan ta juya lissafin.

Dab da Argungu na ce ta tsaya a gindin wata tsamiya, kusa da inda manoma ke ɗura albasa a buhu. Na ɗaga murfin injin, na ce ta taka totur sosai ta riƙe. Injin ya yi ruri, manoman suka bar aikinsu suka zagaye mu. Na duba sama ban ga komai ba. Na kwanta a ƙasa na leƙa. Nan na ga abin al'ajabi: babban tiyon robar da ke ɗauko ruwa daga gindin lagireto zuwa famfo ya tsuke, ya lafe kamar cikin mai azumi. Ta saki totur, ya koma ya cika kamar ba abin da ya faru.

Na yi ihu, "Sake takawa!"

Ya sake lafewa. Wani dattijo cikin manoman ya durƙusa kusa da ni ya leƙa, ya ce, "Kai, wagga mota numhwashi takai!"

Da injin ya huce na kwance tiyon. Daga waje sumul yake kamar sabo. A ciki kuwa akwai wayar da ake naɗewa don ta tokare shi, ruwan rijiyar da ake zuba wa motar shekara da shekaru ya cinye ta, sai ɓurɓushin tsatsa. In injin ya yi gudu, famfo sai ya zuƙo da ƙarfi, tiyo ya rufe, ruwa ya yanke, zafi ya ƙone gaskit. Na nuna wa Sista tsatsar a tafin hannuna. Ta duba, ta ce a hankali, "Ashe ba sai na rabu da ita ba."

Na samo waya mai kauri a wurin wani mai gyaran keke, na naɗe ta a jikin ƙotar fartanya, na zura a tiyon. Da wayar nan muka dawo gida, allura na zaune a tsakiya duk gudun da aka yi. Daga baya na yi odar sabon tiyo, na wanke hanyoyin ruwan tas. Motar ba ta sake cin gaskit ba, da ita Sista ta koma garinsu da ta yi ritaya.

Abin da na koya a ranar shi ne, abin da ya lalace a gabanka ba lallai shi ne mai laifin ba, sau da yawa shi ma cutarsa aka yi. In matsala ta ƙi ƙarewa, ta mota ce ko ta mutum, ka daina jiran ta a inuwar garejinka. Tashi ka bi ta har inda take faruwa.