Alayyahun Bayan Shinge

Warin kwalta ne ya shigo min ta taga ranar Talata, na leƙa na ga mutane cikin fararen kaya suna huda ƙasar filin da ke bayan layinmu a Barking. Council, wato hukumar unguwarmu, sun riga sun turo takarda cewa gwamnati ta ba da kuɗin auna gubar da ke wurin, a kwashe ta, a gina gidaje da lambu. Ni kuwa na san warin nan tun kafin a haifi masu hudar.

Shekarun da kuɗin mai ya cika Najeriya aka turo Baba karatu nan ƙasar Turawa, ya kama haya a gidan da har yau nake ciki. Ina shekara tara Mama ta haifi ƙanena, aka sa Kaka, mahaifiyar Baba, a jirgi don ta zo wankan jego. Sati biyu ta yi ta fara ɗaure kayanta. Ba ta son sanyi, ba ta son mutanen da ba sa amsa gaisuwa. Ni kuma na maƙale mata, don ita kaɗai ke min kitso ba tare da dungure min kai ba.

Abin da ya tsayar da ita filin nan ne na bayan layinmu. Tsohuwar masana'antar gas ce da aka rushe, aka kewaye da waya. Wata safiya da sanyi ya fara sauƙi, ta ɗaga wayar ta shiga, ta dumbuzi ƙasar ta murza. Baƙa wuluk. A garinmu baƙar ƙasa tsohon juji ce, manomi har faɗa yake yi a kanta.

“Mutanen nan ba su da hankali,” in ji ta. “Taki haka a bar shi kwance?”

Ta kwance bakin zanenta, ashe da irin alayyahu ta zo. Da cokalin miya muka yi kunya huɗu. Tun daga ranar aka daina maganar tafiya.

Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne mai yawan tari, a masana'antar ya ƙare ƙarfinsa. Da ganyen ya kai tafin hannu, ya tsaya a bakin wayar ya kira ni. Ya ce in gaya wa kakata kada a ci komai daga wurin, shekara da shekaru suna zubar da dattin gas a nan.

“Me yake cewa?” Kaka ta tambaya.

“Cewa ya yi sannu da aiki.”

Ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Na san abin da na yi sarai. In babu lambu, babu Kaka.

Sau biyu aka yi miyar. Ta farko na ci har da suɗe kwano, na ce a raina ai tsoho ne, ruɗewa ya yi. A ta biyu na ga Kaka tana ƙara wa Mama, wai mai shayarwa sai da ganye, ga jariri a cinya. Na ajiye lomar da ke hannuna. Na fashe da kuka na faɗi komai.

Baba bai doke ni ba, da ma ya doke ni da ya fi min sauƙi. Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar tsohon. Shi kuma ya ɗauko shebur, ya haƙa sau uku kusa da kunyar farko. Ƙasan baƙin akwai wani abu shuɗi mai maiƙo, warinsa har cikin ido. Kaka ta duƙa ta daɗe tana kallo.

“Allah Ya saka masa da alheri,” ta ce da ni. “Wannan karon ki faɗa masa daidai.”

Da hannunta ta tuge alayyahun duka, ba ta bari kowa ya taya ta ba. An kai Mama da jariri asibiti, aka ce lafiyarsu lau. Kafin ganyen bishiyoyi ya zube ta koma gida. Ta yi min kitson sallama, ƙanana masu daɗewa, ba ta ambaci ƙaryata ko sau ɗaya ba. Shekara biyu bayan nan ta rasu, ban sake ganinta ba.

Jiya na je taron da council suka kira. Wata yarinya sa'ar 'yata ta nuna taswira, na ce mata su huda kusa da shinge, bayan gida na shida, a nan shuɗin yake. Ta tambaye ni yadda na sani, na ce an taɓa noma a wurin. Ta ɗauka wasa nake.

Za a yi shekara uku kafin a kawo sabuwar ƙasa, gwiwoyina kuma sun fara ba ni labari. Duk da haka na karɓi takardar neman kunya a lambun. Akwai layin da aka tambayi abin da mutum zai shuka. Na rubuta alayyahu, da Hausa, ban fassara wa kowa ba.