Edelmira Mai Tsaron Ƙofa da Mutumin da Ke Ƙirga Taku

A gandun kofi na Las Mirlas aka haifi Edelmira Quiceno, a jerin ɗakunan ma'aikata da ke bayan rumbun shanyar kofi. Tana da shekara bakwai aka ɗaura mata kwando a ƙugu ta shiga tsinkar kofi, ba ta kwance shi ba sai da gwiwoyinta suka gaza, tana da hamsin da biyar. A lokacin kofi ya daina riƙe gandun shi kaɗai. Doña Yuliana, wato Uwargida Yuliana, jikar mai gandun, ta dawo daga birni ta sa aka share turbobin da ma'aikata ke bi, aka kakkafa alluna, aka yi gadar gora a kan rafi, aka rushe ɗakunan ma'aikata aka gina wurin cin abinci. Mutane suka fara zuwa daga nesa don su taka hanyar da Edelmira ta taka shekara arba'in da takwas da kaya a ka. Ita kuma aka ba ta kujera a bakin ƙofa, tana yage tikiti.

Ba ta taɓa yarda da baƙin nan ba. A ganinta, duk wanda ya bar gidansa ya zo hawan tudu don nishaɗi, akwai abin da bai faɗa ba. Ta kama wata mata da furen daji a cikin hula, ta kama wani da 'yan tsuntsaye biyu a aljihun riga. Gildardo, mai yi wa baƙi jagora, yakan tsokane ta.

"Inna, ko limamin coci ne ya zo sai kin leƙa jakarsa."

"Shi zan fara leƙawa," in ji ta.

Wata Asabar cikin damina wani mutum ya sauko daga tsohuwar jif ɗin da ke kawo mutane daga gari. Zai kai shekara hamsin, da takalmin birni, da 'yar jaka a kafaɗa. Ya karɓi tikiti, ya ce ba ya buƙatar jagora. Bai tsaya kallon injin ɓare kofi ba, bai ɗanɗana kofin da ake ba baƙi ba. Ya je ya tsaya a bayan wurin cin abinci, ya juya baya ga bango, ya fara tafiya yana motsa leɓe. Edelmira ta miƙa wuya daga kujerarta. Ƙirga taku yake yi.

Asabar ta zagayo ya sake zuwa. Ya yi daidai abin da ya yi, sai dai wannan karon ya nufi wani ɓangaren. Da yamma ya fito, wandonsa duk ƙaya da laka, alamar ya bar turba ya kutsa cikin daji.

"Gildardo, mutumin nan masu haƙar zinariya ne suka aiko shi."

"Da wannan takalmin? Haba Inna."

"To mai tonon kaburburan mutanen dā ne, yana neman tukwane. Ko kuma awo yake yi, za a sayar da gandun ba mu sani ba."

"Ko kuma likita ne ya ce ya riƙa tafiya saboda tumbi."

Ta harare shi. Ta ce tumbi ba ya sa mutum ya riƙa waiwaye.

A Asabar ta uku ta ce wa Gildardo ya riƙe mata ƙofa, wai za ta zagaya bayan gida. Ta ɗauki adda da sandarta ta bi mutumin daga nesa. Ya wuce gadar gora, ya wuce allon da ke bayanin tsuntsaye, ya tsallake igiyar da aka ɗaura don kada baƙi su wuce. Gwiwoyinta suna kuka, amma ta san wajen fiye da tafin hannunta, sai ta yanke ta cikin ayaba ta riga shi. Da ya ɓullo ya same ta tsaye a gabansa, adda a hannu.

"Malam, turba tana can. Me ka ajiye a nan?"

Ya razana har jakarsa ta zame. "Ɓata na yi, Doña."

"Sau uku? Buɗe jakar."

Ya buɗe. Akwai arepa biyu, wainar masara, a naɗe cikin takarda, da gorar ruwa, da ƙaramin cokalin tono na masu shuka fure, da gwangwani wanda babu komai a ciki. Da ta ga cokalin sai ta gyara riƙon addar.

Mutumin ya zauna a kan wani kututture, ya share fuska. Ya ce sunansa Leonel Tabares, direban bas ne a birnin Cali. Uwarsa tana kwance wata huɗu, likitoci sun sallame ta gida. Ita ta aiko shi. Ta ce ya nemo wani mangwaro da ke saman idon ruwa, akwai faffaɗan dutse a gindinsa, taku ɗari uku daga ɗakin ƙarshe na ma'aikata. Ya ɗebo mata ƙasar wajen cikin gwangwani. Ya zo ya tarar babu ɗakunan, bai san ta ina zai fara ƙirga ba.

"Me ya hana ka tambaya?"

"Ta ce kada in gaya wa kowa a gandun nan ko ni ɗan waye."

"To ɗan waye?"

Ya ɗago ya dube ta. "Tránsito Tabares."

Edelmira ta san sunan sarai, amma ba ta bari fuskarta ta nuna ba. Tránsito ce budurwar da ke ɗakin ƙarshe, mai aiki a babban gida, wadda ke yi mata kitso ranar Lahadi kafin coci. Wata safiya, Edelmira tana da shekara goma sha ɗaya, aka saka Tránsito a mota da ƙunshin kayanta, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Amma suna ba wuya ba ne, kowa zai iya tsintarsa a bakin tsofaffin gari.

"Na san ta," in ji Edelmira. "Wadda inji ya cinye wa yatsu biyu a hannun hagu."

"Na dama ne, Doña. Kuma ɗaya da rabi."

Haka ne, da gangan ta ce hagu don ta gwada shi. Duk da haka ba ta sauke addar ba. "Kira ta. In ji muryarta da kunnena."

Sai da suka hau tudu kafin waya ta kama. Leonel ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya ba da haƙuri, ya miƙo mata. Muryar da ta ji ta tsufa ƙwarai, tana fita da ƙyar.

"Wace ce?"

"Edelmira ce, 'yar Quiceno mai alfadarai."

Sai ta ji wata 'yar dariya haɗe da tari. "Mujiya? Ke ce? Har yanzu kina zare wa mutane idanun nan?"

Shekara hamsin da biyu rabon da wani ya kira ta da wannan suna. Ta nemi dutse ta zauna.

"Ni ce, Yaya."

"Matsa daga kusa da yaron nan, zan gaya miki magana."

Edelmira ta yi wa Leonel alama da hannu, ya ja da baya. Tránsito ta yi magana a hankali, tana tsayawa tana jan numfashi. Ta ce kwana uku kafin a saka ta a mota ta haihu, ita kaɗai, a ɗakin nan na ƙarshe. Mace ce. Ta yi yini ɗaya da rai. Tránsito da kanta ta haƙa rami a gindin mangwaron, ta binne jaririyar, ta jawo dutsen ta rufe. Ba wanda ya sani, har mijin da ta aura daga baya, har Leonel. Ba ta faɗi uban ba, Edelmira kuma ba ta tambaya ba. Ta dai tuna wanda ya tsaya a barandar babban gida ranar, hannu a aljihu, har motar ta ɓace.

"So nake a zuba ƙasar a kaina in na tafi," in ji Tránsito. "Kada ki gaya masa. Dutsen yana nan?"

"Yana nan, Yaya. Ba wanda ya taɓa shi."

Ta kai Leonel wurin. Mangwaron ya tsufa, rabinsa ya bushe, ganye ya rufe dutsen. Ya durƙusa zai tona daga gefe, ta karɓe cokalin ta ce ba haka ake yi ba. Ta ɗebo daga sama-sama da hannunta, ta cika gwangwanin, ta rufe, ta miƙa masa. Ya dube ta, ya dubi dutsen.

"Me ke nan wurin, Doña?"

"Inuwa. A nan take zama tana cin mangwaro."

Ya buɗe baki zai sake magana, ta ce jif ɗin ƙarshe ƙarfe biyar yake tashi, in ya rasa shi sai ya kwana da sauro.

Abin da ya hana ta sukuni shi ne ta san shirin Doña Yuliana. Tun watan jiya ake maganar buɗe sabuwar turba zuwa idon ruwan. Za a sare mangwaron, a baje wurin, a kafa lilo babba inda baƙi za su riƙa ɗaukar hoto da kwarin a bayansu. Ran Litinin da safe ta shiga ofis ba ko sallama.

"Doña, wajen idon ruwa ba zai yiwu ba. Macizai ne. Na ga uku shekaranjiya, masu dafi, a ƙarƙashin dutsen."

Yuliana ta cire gilashinta. "Me ya kai ki can, ke da ba kya iya hawan matakala?"

"Wani baƙo na bi."

"Shekara nawa kina gandun nan ba ki taɓa faɗin macizai ba sai yanzu?"

"Da ba a ce za a kai 'ya'yan mutane wurin ba."

Yuliana ta daɗe tana kallonta. Ta tura Gildardo ya duba. Ya je ya yini, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa wurin Edelmira yana kaɗe hula.

"Inna, ko tsutsa ban gani ba."

"Ba ka duba da kyau ba."

"Me kika ɓoye a can?"

Edelmira ta sunkuyar da kai. Ta ci gaba da jera tikiti, ta ƙi haɗa ido da shi. Gildardo ya san ta shekara takwas, bai taɓa ganin haka ba. Ya mayar da hularsa, ya shiga ofis, ta jiyo shi yana cewa macizai biyu ya gani, ɗaya ya kai kaurin damtsensa, shi kam ba zai kai baƙo wurin ba. Aka kafa lilon a ɗaya tudun. Tun daga ranar Yuliana takan bi su biyun da ido duk sanda suka tsaya magana.

Bayan wata biyu Leonel ya buga waya ofis ya nemi Edelmira. Ya ce tsohuwa ta cika ranar Talata, an yi yadda ta ce da gwangwanin. Edelmira ta yi masa gaisuwa. Sai ya ce:

"Doña, ranar nan me ta gaya miki? Kun daɗe."

"Hirar kitso muka yi."

"Kitso."

"Kitso, ɗana."

Ta ji numfashinsa a wayar. Daga baya ya ce yana da hutu a watan Disamba, zai kawo matarsa da yara su ga gandun. Ta ce Allah ya kawo su lafiya, su zo da takalmin kirki. Ta ajiye wayar ta koma kujerarta, don wata motar baƙi ta riga ta tsaya a ƙofa suna ta sauka.