Man gyaɗa a kwaɗon Baba

Ina aji biyu na sakandare aka ɗauki hoton cikin Baba a asibiti nan Haɗeja, likita ya ce kitse ya taru masa a hanta. Baba manomin shinkafa ne a fadama, yana da tumbin da abokansa ke masa tsiya a kai. Da ya dawo gida, ni ya miƙa wa takardar. Na karanta: a rage mai, a rage sukari, a koma bayan wata uku.

Iya, mahaifiyar Baba, ta ce ta ji a rediyo zogale na wanke hanta. Baba ya ce shi ma ya tambaya, likita ya ce ana kan bincike, ba a tabbatar ba, amma cin ganye ba laifi.

Kullum da la'asar Iya ta tsinko zogale ta dafa, ta matse, ta daka ƙuli, sannan ta tuttula man gyaɗa har kwaɗon ya yi ƙyalli. Baba ya cinye, ya suɗe yatsu. Ni kwalbar man nake kallo. Na yi mata alama da gawayi. Cikin kwana huɗu man ya sauka yatsa uku.

Na nuna wa Umma a ɗaki. Ta daɗe tana kallon alamar.

"Ni suruka ce, bakina ba zai iya ba," ta ce. "Ke jikarta ce, akwai wasa tsakaninku."

Ban taɓa yi wa Iya wasan jika ba. Ko a aji ba na ɗaga hannu. Kwana biyu ina bita a zuci, man kuma na sauka.

Rana ta uku Iya ta ɗaga kwalbar, na ji bakina ya ce, "Tsohuwa, zogale kike ba shi, ko mai da ɗan ganye?"

Ta fashe da dariya. "Au! Yau bebiya ta yi magana?"

Na nuna mata gawayin, na sake karanta mata takardar. Dariyar ta tsaya. Ta dubi ƙofar ɗakin ɗanta, ta miƙo mini kwalbar.

"Ungo, likita. Ke za ki riƙa zubawa."

Rabin cokali na zuba. Baba ya ci yana yamutsa fuska, bai suɗe yatsu ba. Na ɓoye kwalbar a bayan littattafaina. Saura wata biyu da kwana goma a sake duba shi.