Muryar Yaya a Lasifika

Yayata ta fara koyarwa tun ina rarrafe. Kimiyya take koyarwa a ƙaramar sakandare, a wani aji da tagoginsa ke kallon titi, ƙarar babura na shigowa tana haɗuwa da surutun yara. Ɗalibai suna ce mata Malama Kun-gane, don ba ta iya kai ƙarshen bayani sai ta jefa musu wannan tambayar.

Saura kaɗan ta yi ritaya muryarta ta fara ba ta wahala. Da safe garau take fita, kafin a tashi makaranta ta dishe, ta dawo gida tana nuna abu da hannu. Ni na raka ta asibiti. Likita ya leƙa maƙogwaron ya ce, "Malama, ko ki rage magana, ko ya daina miki aiki gaba ɗaya."

"To likita, da me zan koyar? Da gira?"

Shi ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Malamar Lissafi, wadda suke zama teburi ɗaya a ofishin malamai, ita ta kawo dabara. Ta nuna mata wata manhaja da ake naɗar darasi a waya, a haɗa da hotuna, a kunna a aji ta lasifika. Ta nuna mata wani shafi a intanet da ake shirya gwaji, yara su amsa, shi ya ba da maki da kansa. Yaya ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, "A wannan shekarun nawa zan koma ɗaliba?" Amma ba ta da zaɓi, ta koya.

A ɗakin ajiya take naɗar darussan, tsakanin buhuna da tsofaffin bokitai, don nan ne kaɗai rediyon mijinta ba ya kaiwa. Takan yi magana ƙasa-ƙasa, kofin ruwan ɗumi a gefenta. Sai ta yi nisa injin niƙan maƙwabta ya tashi, ko maigidan ya ƙwanƙwasa yana tambayar inda aka kai masa tabarau. Ta goge ta sake. In ta gama kuma ta zo ɗorawa, sabis ya ɗauke.

Abin ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Ranar da ta nuna musu bidiyon zuciya tana harba jini, ajin ya yi tsit har da 'yan bencin baya. Ta rage ɗauko jakar littattafan da ta karkatar mata da kafaɗa. Maƙogwaron ma ya ɗan sarara.

Sai shugaban makaranta ya ga abin ya burge shi, ya ɗora mata koya wa sauran malamai, wato dai maganar da aka hana ta. Iyaye suka samu lambarta, saƙo ba ya yankewa: wannan ɗansa ya manta lambar sirri, waccan shafin ya ƙi buɗe mata. Yaran da babu waya a gidansu kuma dole ta rubuta musu nasu gwajin a takarda ta duba da hannu. Aiki ɗaya ya zama biyu. Wata rana na same ta tana murza ido, na ce, "Yaya, ya jikin?"

"Da sauƙi, ƙanwata. Na ajiye ciwon maƙogwaro na ɗauki na ido."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne lasifika ba ta ganin fuska. Da, in ta lura yaro ya ɓace a bayani, nan take take sauya misali. Yanzu tana tsaye gefen allo tana sauraron kanta, muryar na ta tafiya ko an gane ko ba a gane ba. Wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ban gane ba." Yaya ta kai yatsa za ta mayar da naɗin baya, yarinyar ta ce, "Ba wannan ba, Malama. Ki faɗa min ta wata hanyar."

Ta buɗe baki, sai iska. Ta sake gwadawa, babu. Ƙarshe ta matsar da yarinyar ta zauna kusa da ita a benci, ta zana mata abin a bayan littafi har ta gyaɗa kai. Ranar, da ta dawo gida, ko takalmi ba ta cire ba, ta miƙe a kujerar falo barci ya ɗauke ta, abincin ranarta na rufe a gefe.

Haka ta lallaɓa har lokacin ritaya ya yi. Ta tura wa Malamar Lissafi darussan duka ta ce a ba duk wanda ya gaje ta. Muryar ta dawo rabi, ta isa hira da jikoki in ba su yi nisa ba.

Kwanaki shugaban makarantar ya aiko yana roƙon ta naɗa musu na manyan azuzuwa, ya ce daga gida za ta yi, ba wahala. Ta ce a gaya masa za ta yi shawara. Da na tambaye ta ko za ta yi, sai ta gyara filo a bayanta ta ce, "Bari dai in huta tukuna." Har yanzu ba ta ba shi amsa ba.