Firigon labo ya mutu ina Belbeji

Ina zaune bakin tabarmar Inna a Belbeji, ina yi mata fifita don ba ta da lafiya, sai ga kira daga labonmu, wato ɗakin bincikenmu na Yamai. Abokin aikina Mutari ne. Ya ce firigo, na'urar sanyaya kayan aikinmu, ya mutu, kwalbata ta kwana cikin zafi.

Wata da watanni na yi ina jiran kwalbar nan daga waje. Ba ta kai ɗan yatsa ba. Abin da ke ciki furotin ne na ribozom, wato ɗan injin da ke ƙera furotin a ƙwayar jikin mutum, amma ƙwayoyin bakteriya aka sa suka haɗa shi. Da shi zan kammala binciken digirina.

Inna ta ga fuskata ta sauya.

"Wa ya rasu, Habu?"

"Ba kowa, Inna. Kayan aikina ne zafi ya taɓa. In na koma da wuri, wataƙila a ceci wani abu."

Ta daɗe tana tari, sannan ta ce, "Tashi ka tafi. Ni zafin Damargu bai narkar da ni ba, ba kuma yau zai fara ba. Ƙanwarka tana nan."

Yanzu ina cikin motar Damagaram, inda zan kama ta Yamai, an matse mu kamar buhunan gero. Na gaji har ƙashi. Ban san ko kwalbar za ta yi amfani ba, ban kuma san yadda zan samu Inna in na dawo ba.

Ku da aiki ya raba da gida, yaya kuke yi da irin wannan rana?